Daga kuɗin ƙasa zuwa patanti: inda tsoron takardar haraji ya samo asali



Tun da muka buɗe layi a shirinmu a kan maganar haraji, tambayoyin da ke shigowa kusan iri guda ne, ko daga Maraɗi suka fito, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai. Wata baiwar Allah mai saida atamfa ta ce kullum tana yankan tikitin kasuwa, amma an zo an ce sai ta biya patanti, shin ba biya biyu ba ne? Wani tela ya ce abokinsa ya ba shi shawara ya yi lambar NIF, shi kuwa yana ganin kamar mutum ya ɗauki ƙafarsa ya kai kansa ne. Wani mai tebur ya ce an zo gunsa, an yi ciniki, ya ba da jika biyu ba takarda, bayan sati uku wani ya sake zuwa. Sai kuma wani dattijo da ya kira daga ƙauye, wanda maganarsa ce ta sa muka zauna muka rubuta wannan. Cewa ya yi: "Ɗana, mu dai abin da iyayenmu sunka gaya muna, wanda anka rubuta sunanshi a littahin Nasara, shi da kwanciyar rai sai wata shekara."

Baba bai faɗi ƙarya ba. Wannan tsoro yana da tarihi, kuma in ba mu san shi ba, za mu yi ta zagin ƙaramin ɗan kasuwa da cewa ba shi da kishin ƙasa alhali gado ya ci.

Haraji dai ba Nasara ya kawo mana shi ba. Tun kafin jihadi sarakunan Hausa suna karɓar kuɗin ƙasa daga manoma, jangali daga masu shanu, kuɗin fito daga fatake masu ratsa ƙasa, ga gaisuwa wadda sunanta ne kawai mai daɗi. Shehu Usman ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Ƙonni a 1754, ya jera jangali da kuɗin gari da gaisuwa da abin da ake tsinta daga hannun masu saida kaya a kasuwa cikin abubuwan da ya zargi sarakuna da su a littafinsa Kitabul Farƙ. Ke nan kukan ɗan kasuwa a kan mai karɓar kuɗi ya haura shekara 200. Kuma bayan jihadin ma harajin bai tafi ko'ina ba. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya bi ta Tasawa da Gazawa a farkon 1851 kafin ya shiga Katsina da Kano, ya rubuta cewa a Kano kowane maigida yana biyan wuri 2,500 na kuɗin ƙasa, kowace karofin rini kuma wuri 700. Ku duba da kyau, kuɗin karofi ai shi ne patantin wancan zamani: haraji a kan sana'a, ana lissafa shi da abin da ido ke gani na kayan aiki. A Damagaram ma, zamanin Sarki Tanimun da ya yi ganuwar Zinder ya ƙera bindigogin igwa, dukiyar fada daga talakawa da ayarin Sahara take fitowa, sannan ita kanta fadar tana aika nata kason zuwa Kukawa gun Shehun Borno.

To in haka ne, me ya canza da zuwan Faransawa?

Abu na farko shi ne yadda suka shigo. A 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone garuruwa tun daga yamma, ya bi ta Lugu gun Sarauniya, ya yi ɓarnar da har yau ba a manta ba a Birnin Ƙonni, kuma a ƙarshen watan Yuli na wannan shekara aka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini. Mutumin da ya ga haka da idonsa, in aka zo masa bayan ƴan shekaru aka ce ya kawo kuɗi, ba zai ɗauke shi a matsayin gudummawar gina ƙasa ba. Kuɗin wanda aka ci da yaƙi ne, kuma haka kowa ya fahimce shi.

Abu na biyu wata doka ce da aka yi a can Faransa ranar 13 ga Afrilu 1900, wadda kakanninmu ba su taɓa jin labarinta ba amma ita ta shiga rumbunansu. Dokar ta ce kowace ƙasar da ake wa mulkin mallaka ta ɗauki nauyin kanta, kada ta jira baitulmalin Paris. Albashin kwamanda, na gardinsa, ginin bariki, duk daga cikin ƙasar za su fito. Ƙasa irin tamu, ba teku, ba tashar jirgin ruwa da za a tara kuɗin duwan mai yawa, ba wani ma'adini da aka sani a lokacin, daga ina kuɗin za su fito? Daga kan mutane. Shi ya sa aka sa harajin kai, wanda bakinmu ya maida kalmar Faransanci ta zama lanho, wasu wurare kuma a ce bodo.

Nan ne littafin da Baba ke magana ya shigo. Don a karɓi kuɗi a kan kowane kai, sai an ƙirga kawunan. Kwamanda ko wakilinsa ya fito rangadi, a tara gari a gindin itace, tafinta na gefe, mai gari na gefe, a kira maigida ya jero matansa, ƴaƴansa, ƙannensa, shanunsa, raƙumansa, jakunansa. Abin da aka rubuta ran nan shi ne bashin gidan har zuwa wata ƙidayar, wadda kan iya ɗaukar shekaru ba a sake ba. In wani ya rasu a tsakani, sunansa na nan. In saurayi ya tafi bai dawo ba, sunansa na nan. In annoba ta kashe shanu, adadinsu na nan a takarda. Kuma gari ake bi jimilla, don haka kason wanda ya gudu a kan waɗanda suka zauna yake faɗawa. Sarkin kanto da mai gari su ke tarawa, ana kuma yanka masu wani kaso cikin abin da suka tara, wanda ya gaza cika adadi kuwa rawaninsa na cikin haɗari. Kun ga an ɗaure kowa da kowa da igiya guda.

Me mai hankali zai yi a irin wannan hali? Zai ɓoye. Ranar ƙidaya a tura yara daji da awaki. A ce budurwa ba ta isa ba. Bafulatani ya raba garkensa uku ya nuna guda. Wanda ya iya rage mutum biyu daga littafi ya ceci buhunan hatsi, kuma a gari ana yi masa kallon mai dabara, ba mai laifi ba. Wannan tarbiyya ce da aka yi wa al'umma shekara da shekaru, kuma littafin nan guda shi ake buɗewa in ana neman mutanen aikin tilas, ko samarin da za a kai soja, ko yaran da za a sa lakwal. Shi ya sa har lakwal ɗin ma iyaye suka riƙa ɓoye mata ƴaƴa. Duk sharrin da zai zo daga bariki, ta hanyar suna a takarda yake zuwa.

Sai maganar kuɗin kansu. Da farko an karɓi hatsi da dabbobi da wuri, amma ba a jima ba aka ce sai kuɗin Faransa. Kasuwanninmu kuwa wuri suka sani, daga baya kuma sulallan Ingilishi da ke hayowa daga Kano da Katsina da Sakkwato. Dole mutum ya nemo abin da zai saida wa mai tamma. Af, har lissafin da muke yi yau daga nan ya samo tushe: dala sunan tsabar azurfa ce, ta koma sunan ƙwandalar tamma 5, jika kuwa dala 200. Yaro ɗan lakwal da ke ruɗewa in an ce masa sefa 100 ita ce dala 20, gadon wancan zamani yake fama da shi.

Lokacin biya kuma bayan kaka ne, sa'ad da hatsi ya fi araha. Manomi ya saida damma a banza don ya cika lanho, in damina ta kama rumbu ya yi ƙasa ya sayo shi da tsada, ko ya ci bashi a kan amfanin da bai nuna ba. Wanda ba shi da abin saidawa ya ɗauki sanda ya tafi cin rani. Da aka kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai ya kasance dangi guda, rabi a Faransi rabi a Ingilishi, kuma duk shekarar da lanho da aikin tilas suka yi tsanani a wannan gefe, sai ka ji ƙauye sukutum ya kwashe cikin dare ya tsallaka. Rahotannin kwamandojin kansu cike suke da kukan wannan ƙaura. Lokacin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 mutane sun watse. A 1931 kuma, bayan fara ta cinye amfanin gona a yammacin ƙasa, a yankin Zabarmawa, hukuma ta ci gaba da neman haraji mutane na mutuwa, abin da ya zama abin kunya har a can Faransa. Maganin da aka fito da shi, wato tilasta wa kowane gari ajiye hatsi a rumbun tsimi ƙarƙashin idon hukuma, shi ma talaka wani harajin ya ɗauke shi.

A 1946 aka soke aikin tilas da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, aka kuma soke dokar da ta ba kwamanda ikon ɗaure mutum ba tare da alƙali ba. Lanho dai ya zauna daram.

Abin da ya sa ya zauna, a ƙasar Hausa, gyaɗa ce. Tun shekarun 1930 ta fara kankama a Maraɗi da Tasawa da Magarya da Matamaye, kuma ita da lanho kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ana buɗe cinikin gyaɗa, kamfanonin Nasara irin su CFAO da SCOA su kafa sikeli, manomi ya karɓi kuɗinsa nan, mai karɓar haraji na jiransa can. Da yawa sun shuka gyaɗa ne don lanho kafin su shuka ta don riba. Cikin yaran kamfanonin nan masu sayen gyaɗa a ƙauyuka ne aka samu wasu daga cikin alhazan Maraɗi na farko. Su kuma nasu harajin shi ne patanti, kuɗin izinin yin kasuwanci, wanda Faransa ta ɗauko daga dokokinta na gida ta kawo mana, ana biya gwargwadon irin sana'a da girman wurin da ake yin ta.

Muka samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Tuta ta canza, littafin bai canza ba. Gwamnatin Diori Hamani tana bukatar kuɗin biyan ma'aikata da gina lakwal da likita, kuma abin da ke hannunta shi ne gyaɗa, dabbobi da kawunan mutane. A 1962 aka kafa SONARA ta riƙe cinikin gyaɗa zuwa waje, harajin kai kuwa ya yi ta hawa cikin shekarun nan, ga katin jam'iyya da shi ma ba a cika tambayar ra'ayin mutum ba kafin a miƙa masa. Dattawanmu da suka ga zamanin suna ba da labarin yadda ake zaunar da magidanci a rana a ƙofar fada har sai danginsa sun haɗo kuɗi, da yadda ake kama akuyar mace a kan bashin mijinta. Wannan karon ba Nasara ba ne, ɗan ƙasa ne ke yi wa ɗan ƙasa, kuma a ganinmu wannan ya fi na farkon yin illa, don shi ya tabbatar wa talaka cewa halin hukuma ne, ko wa ke riƙe da ita.

Fari na 1968 zuwa 1974 ya karya tsarin. Shanu suka mutu, ba abin da za a yi wa jangali. Sojoji suka kifar da Diori ranar 15 ga Afrilu 1974, cuta ta gama da gyaɗa a 1975, sai ga kuɗin yuraniyom na Arlit sun fara shigowa da ƙarfi. Da wannan ne gwamnatin Seyni Kountché ta samu sararin sauke wa talaka jangali da babban harajin kai kafin ƙarshen shekarun 1970, aka bar ɗan ƙaramin kuɗi na gunduma. A tsallaken iyaka ma, a 1979, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali, ka ji yadda abin ya dami Bahaushe ko'ina yake. Har yau in ka ji tsoho yana yi wa Kountché addu'a, ka tambaye shi dalili, cikin abu biyu na farko da zai faɗa akwai lanho.

Sai dai wannan sauƙi ya bar mana wani abu da ba mu cika faɗa ba. An yi shekaru gwamnati na ciyar da kanta daga ma'adini da taimakon waje, ba ta bukatar aljihun talaka sosai, shi ma talaka bai ga dalilin tambayarta lissafi ba. Kowa ya kama gabansa. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta juyo neman kuɗi a gida, sai ta tarar da jama'ar da ta saba da ɓuya, ita kuma ba ta saba da bayani ba.

Daga nan harajin ya sake kama. Maimakon a bi kai, sai aka bi kaya. A 1986 aka kawo TVA, harajin da ke cikin farashin abin da ka saya, wanda yau yake 19 cikin 100. Wanda ke bugun ƙirji yana cewa shi bai taɓa biyan haraji ba, in ya sayi siminti ko ya sa kuɗi a waya, ya biya bai sani ba. Ranar da jama'a suka farga kuwa an gani. A farkon 2005, shekarar da ake fama da ƙarancin abinci, dokar kasafin kuɗi ta ɗora TVA a kan fulawa, madara, sukari, ruwa da wuta. Ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da tsadar rayuwa suka fito da gagarumar zanga-zanga a Yamai ranar 15 ga Maris, aka bi da ranakun rufe kasuwanni har a Maraɗi da Damagaram da Tawa, aka kama jagorori irin su Nouhou Arzika da Morou Amadou da Moussa Tchangari. A watan Afrilu gwamnati ta janye harajin daga kan madara da fulawa, ta sassauta wa masu ƙaramin amfani da ruwa da wuta. An sake irin wannan ja-in-ja a kan kasafin 2018, har aka tsare wasu jagororin daga Maris zuwa Yuli na shekarar. Mu dai abin da muka karanta cikin waɗannan shi ne, mutane sun tsaya a fili suna gardama da hukuma a kan haraji, maimakon su tura yara daji.

Yanzu mu dawo ga Hajiya mai atamfa. Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Yuli 2004 aka kafa komin 265, masu karɓar kuɗi sun kasu gida-gida, kuma rashin sanin wannan ke sa a ga kamar biya biyu ne. Tikitin kasuwa na ma'aikatar magajin gari ne, kuɗin wurin da kika zauna ne da share shi. Ɗan kuɗin kai da ya rage, wanda a ƙauyuka da yawa dala 140 ne a shekara, shi ma na komin ne, ta hannun masu gari da masu unguwa yake bi. Abin da muke kira patanti a bakin kasuwa kuwa ma'aikatar haraji ta ƙasa, DGI, ke yanka shi, kuma ga ƙananan ƴan kasuwa an dunƙule shi da harajin riba ya zama haraji guda na shekara, ana kimanta shi da irin sana'a da yawan ciniki. Na duwan daban, a kan kayan da suka tsallako iyaka. Saboda haka Hajiya, tikiti bai ɗauke miki patanti ba. Amma kina da haƙƙin a nuna miki a rubuce ajin da aka sa ki da adadin da aka yanka, in kuma kin ga an kimanta ki fiye da ƙarfinki, doka ta ba ki damar rubuta koke zuwa biron haraji, kuma akwai wa'adi, don haka ba a jinkiri. Masu tambaya ko zakka na ɗauke haraji, a dokar ƙasa dai ba ta ɗaukewa. Ɓangaren addini mun bar wa malamai.

Mai tebur da ya ba da jika biyu a hannu, ɗan'uwa ka yi haƙuri, a idon hukuma ba ka biya komi ba. Kuɗin da ba su da resi ba su isa baitulmali ba, kuma ba su hana wani ya zo gobe. Nan ne gadon ɓuyan nan yake cutar da mu. A zamanin kwamanda, wanda ba ya cikin littafi ya tsira. A yau wanda ba ya cikin littafi shi ne abincin kowa, don ba shi da takardar da zai ɗaga ya ce na biya, ba shi kuma da bakin kai ƙara tunda shi ma a ɓoye yake. In ka tara ƴan jika-jikan da ake ba da wa a tsaye cikin shekara, sau da yawa sun kai ko sun wuce abin da za a yanka a zaune. Babban ɗan kasuwa yana da mai riƙe masa lissafi, yana da wanda zai kira a waya. Ƙaramin ne ba shi da kowa sai resi.

Ba muna wanke hukuma ba ne. Mutumin da ke yankan tikiti kullum, kasuwa kuma in an yi ruwa sai ya naɗe wando, ba makewayi, ba fitila, gobara ta tashi ba motar kashe ta kusa, yana da gaskiya in ya tambayi inda kuɗinsa suka shiga. Komin nawa ne ke liƙa lissafin abin da suka tara a ƙofa don kowa ya gani? Kuma in za a kawo sabon tsari, kamar faktir mai tambarin ma'aikatar haraji da aka fara tilastawa daga 2021, a ce an yi bayaninsa da Hausa da Zabarmanci a kasuwa kafin a zo da tara. Dokokin nan duk da Faransanci suke, mafi yawan masu biya kuwa ba su karanta shi. Tafintan da ke tsaye gefen kwamanda a 1910 har yanzu ana bukatarsa, kuma har yanzu wani lokaci shi ke cin riba.

Ga tela mai tsoron NIF: gaskiya ne, lambar tana sa a san da kai. Amma ba tare da ita ba, ba ka ɗinka wa wata ma'aikata ko ƙungiya kayan ɗalibai a biya ka ta banki, ba ka shiga neman kwangila, ba ka fito da kaya daga duwan da sunanka, sai ka ara na wani ka biya shi lada. An buɗe Maison de l'Entreprise ƙarƙashin zauren ƴan kasuwa don a haɗa rajistar kasuwanci ta RCCM da NIF a wuri guda. Kuma ƙasarmu tana cikin OHADA, yarjejeniyar dokokin kasuwanci da aka sa wa hannu a 1993, wadda a gyaran 2010 ta fito da matsayi na musamman don mai ƙaramar sana'a: ya je ya bayyana sana'arsa a rajistar kotu ba tare da dogon tsari ba, ya riƙe littafin shiga da fita na kuɗi. Mutane ƙalilan ne suka san da wannan.

Tsoron takardar bai tsaya tsakaninmu da hukuma ba, ya shiga har cikin mu'amalarmu. A ba da kaya bashi na miliyoyi a kan "Allah ya kai mu", a haɗa jari da ɗan'uwa ba a rubuta kason kowa ba, a kama hayar shago shekara goma ba resi ko guda. In ka ce a rubuta, sai a ce ba ka yarda da ni ba ke nan? Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Dokar OHADA kuwa ta ba mai hayar shago kariyar da da yawa ba su sani ba. Ko ba a rubuta yarjejeniya ba, hayar tana nan a idon doka. Wanda ya yi shekara 2 yana sana'arsa a wurin bisa ƙa'ida yana da haƙƙin a sabunta masa, in hayar ba ta da wa'adi sai an ba da sanarwar wata 6 kafin a raba gari, in kuma mai shago ya ƙi sabuntawa ba da dalilin da doka ta yarda da shi ba, akwai diyyar tashi. Amma da me za ka nuna ka yi shekara 2 in ba ka da resin haya? Haka bashi: tsakanin ƴan kasuwa ana karɓar kowace irin hujja, har saƙon waya da shaidu, akwai kuma gajeriyar hanya ta neman alƙali ya ba da umarnin biya in bashin a bayyane yake. Sai dai bashin kasuwanci yana da wa'adi, galibi shekara 5, na cinikin kaya tsakanin ƴan kasuwa ma shekara 2 ne, in ka yi ta kunya har suka wuce, kotu ba ta da abin yi maka.

Gona ma haka. Tun dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 aka tanadi kwamitocin ƙasa, COFO, daga matakin gari har gunduma, masu ba da takardar shaidar gado, saye, kyauta, aro ko jingina. Rigimar gona da ta gado ana fara ta ne gaban mai gari ko sarki don sulhu, in ta gagara ta je kotu, inda alƙali ke zama da masana al'ada. Jinginar gona da aka yi da baki zamanin kakanni, yau jikoki ne ke rantsuwa a kanta, waɗanda suka shaida kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya.

Bayan an rufe shirin ran nan mun sake kiran Baba, muka tambaye shi ko shi yana da takardar gonarsa. Ya yi dariya ya ce gonar dai tun kakansa, kowa ya sani. Muka ce to resin kuɗin komin fa? Ya ce waɗannan kam suna nan cikin gwangwani a ƙarƙashin gado, har da na mahaifinsa na zamanin Diori, don mahaifin ya yi masa wasiyya kada ya yar da ko guda, wai an taɓa sa shi biya sau biyu a shekara guda. Mun roƙe shi ya sa jikansa ya ɗauko mana hotonsu a waya. In sun iso za mu sa su a nan, kuma duk mai irin waɗannan tsofaffin takardu a gida, na lanho ko na jangali ko katin iyali, ya rufe sunan da ke kai ya turo mana, tare da sunan gundumar da shekarar.